Yadda Ake Ta Da Tsohon Filen Na Kafinta Daga Tsatsa

Duk wanda ya taɓa leƙa siton wata tsohuwar makarantar koyon sana'a, ko na ma'aikatar ayyuka, da wuya bai ga wani ƙarfe mai nauyi, mai mariƙi biyu, yashe a lungu tsatsa ta rufe shi ba. Wannan shi ne filen, watau ƙarfen da kafinta ke aske katako da shi har ya yi sumul. Sau da yawa ma'ajin sito yakan sa shi cikin jerin kayan da suka lalace, a yi gwanjonsa, ya ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan. A Ingila da Amurka kuwa akwai mutanen da ke bin kasuwannin tsofaffin kaya suna neman irinsa ido rufe, su gyara su ci gaba da aiki da shi, domin sun yarda da tsohuwar zuma ake magani.

Filen dai ba baƙon abu ba ne a duniya. An tono shi a kangon Pompeii, garin Rumawa da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Ɗaruruwan shekaru jikinsa na itace ne, ana danne wuƙar da wani ɗan guntun katako, a daidaita ta da bugun guduma. Wani Ba'amurke mai suna Leonard Bailey shi ya kyautata mai jikin ƙarfen zubi tun daga shekarun 1850, ya sa masa ɗan zobe na tagulla a baya wanda in aka murɗa shi wuƙa ta fito ko ta koma. A 1869 kamfanin Stanley na garin New Britain a jihar Connecticut ya sayi haƙƙin ƙirarsa, a 1885 aka ƙara ɗan sandan da ke karkata wuƙa dama ko hagu, daga nan kuwa ƙirar ba ta sāke wani abin kirki ba har yau. A birnin Sheffield na Ingila kamfanin Record ya fara yin nasa, mai shuɗin fenti, a 1931, Stanley kuma ya kafa reshe a can a 1937. Da yawa daga cikin tsofaffin filen da ake gani a hannun kafintocinmu daga wannan birni suka fito.

Lambobinsa sun tashi daga 1 zuwa 8, amma uku ne suka fi amfani. Lamba 4, mai tsawon kamar inci 9, shi ne na gamawa. Lamba 5, mai inci 14, shi ne jakin aiki, da shi ake fara rage katako. Lamba 7, mai inci 22, tsawonsa ke hana shi faɗawa cikin kwari, saboda haka shi ke miƙar da gefen katakon da za a haɗa da wani.

Me ya sa ake ɗokin tsohon? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injunan lantarki suka karɓe aikin, masu ƙera filen suka shiga rage tsada, mariƙin itace ya koma na roba, gyaran ƙarfen kuma ya zama na gaggawa. Har ta kai a 1981 wani ƙaramin kamfani, Lie-Nielsen, ya tashi a jihar Maine ta Amurka, ya yi suna da kwaikwayon tsofaffin ƙirar Stanley, yana sayarwa da tsadar gaske. Wanda ke da na asali a sitonsa, ashe yana zaune ne a kan abin da wasu ke biyan kuɗi mai yawa su samu.

Kafin a taɓa komai sai a duba ko jikin ya tsage. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, kuma in filen ya faɗo a kan siminti wurin da ya fi tsagewa shi ne gefen bakin da wuƙa ke leƙowa. In tsaga ta kama nan, to, magana ta ƙare, sai a cire sauran kayan a adana don gyaran wani. In babu, tsatsa komai muninta ba abin tsoro ba ce. Sai a kwance shi ɗaya bayan ɗaya, a zuba sukurorinsa cikin gwangwani. Wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne, gama zaren sukurorin Stanley ba irin na kasuwa ba ne, wanda ya ɓace samun madadinsa sai an sha yawo. Tsatsa mai sauƙi kananzir da sanfefa mai laushi sun ishe ta. Mai kauri kuwa a jiƙa ƙarfen cikin ruwan lemun tsami ya kwana, a goge da buroshi, a ɗauraye, a busar nan take a shafa mai, in ba haka ba kafin a juya wata sabuwa ta hau.

Sa'an nan a koma ga tafin filen, watau ƙasansa da ke gogar katako. Ana manna sanfefa a kan gilashi mai kauri, a zana layuka da alƙalami a tafin, a yi ta gogawa gaba da baya har layukan su ɓace. Amma fa a mayar da wuƙa da madanninta a ɗaure tukuna, a ja wuƙar ciki, domin ɗaurin yana ɗan murɗa jikin, kuma yadda zai yi aiki haka ya kamata a goge shi. Wurare uku kaɗai ake bukata su daidaita: goshi, da gaban baki, da dunduniya. Masu sha'awa da yawa sukan ɓata kwana biyu suna neman tafi ya yi ƙyalli kamar madubi, alhali katako bai san ƙyalli ba. Lamba 5 da ke aikin ragewa ma sau da yawa bai bukatar wannan wahala ko kaɗan.

Inda aikin yake na gaskiya shi ne wuƙa. Kusan duk filen da aka ce ya mutu, dakushewa ce kawai ke damunsa. Kaifi haɗuwar fuska biyu ne, saboda haka wanda ya wasa gaba ya bar baya ya yi rabin aiki. Ana fara kwantar da bayan wuƙa a kan dutsen washi, a goge kamar inci ɗaya daga baki har ya yi fes, babu ramin tsatsa ko ɗaya a kan kaifin, don kowane rami zai bar zane a jikin katako. Wannan sau ɗaya ake yinsa a rayuwar wuƙa. Daga nan a juya gaba, a kafa gangaren a kan digiri 25, a ɗan ɗaga zuwa digiri 30 a dutse mai laushi. Alamar an isa ita ce ɗan siririn gashin ƙarfe da yatsa zai ji ya lanƙwaso ta baya daga wannan kusurwa zuwa waccan. A kawar da shi a dutse, a ƙarasa a kan fata kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Wanda ya kai wuƙarsa injin washi kuwa ya ajiye ruwa kusa, yana tsomawa a kai a kai, domin da zarar bakin ya yi shuɗi wuta ta cinye ƙarfinsa, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin gaba ɗaya.

A kan wuƙar akwai wani ƙarfe na biyu da ake ɗaure mata, wanda yawancin almajiran kafinta suke ɗauka murfi ne kawai. Aikinsa shi ne ya karya askin katako tun bai tsaga gaba ba. Dole bakinsa ya kwanta a bayan wuƙa ba tare da ko haske ya ratsa ba, in ba haka ba aski ya cusa tsakani ya toshe filen. Wasu malamai biyu na Jami'ar Yamagata a Japan, Kato da Kawai, sun ɗauki hoton wuƙa tana yanka ta madubin ƙara girma, suka nuna cewa in aka matso da wannan ƙarfe dab da kaifi, ƙasa da rabin milimita, katako ba ya fizgewa ko da an bi shi ta inda ba ya so. Duk kafintan da ya taɓa fama da maɗaci, wanda jijiyarsa ke tafiya nan ta dawo can, ya san darajar wannan.

Wuƙa tana kwance ne a kan wani gado mai gangaren digiri 45, wanda Turawa ke kira kwaɗo. In aka tura shi gaba baki ya tsuke, don aiki mai laushi, in aka ja shi baya baki ya buɗe, don aski mai kauri. Bayan an haɗa komai sai a kifa filen a hango tafinsa daga goshi, a murɗa zobe har wuƙa ta bayyana kamar baƙin zare, a daidaita ta da ɗan sandan nan har zaren ya yi kauri ɗaya. Sai a ja ta ciki, a riƙa turowa kaɗan kaɗan ana gwadawa a katako. A kullum murɗawar ƙarshe ta zama ta turowa, don zoben yana da ɗan wasa, wanda in aka tsaya a kan ja wuƙa za ta gudu ciki da an fara aiki. A goga ɗan kyandir a tafin. Filen da ya gyaru yakan fitar da aski dogo mai faɗin wuƙa, siriri har a karanta jarida ta cikinsa, da wata ƙara mai kama da yagar sabon ƙyalle.

Mariƙi shi ne ya fi shan wahala a ƙasarmu. Hunturu yana busar da itacen ya saki, a ci gaba da aiki da shi yana girgiɗi har ya karye a tsakiya. In karayar mai tsabta ce, gam ya isa. In wani yanki ya ɓace, sai a ɗora tsohon a kan guntun maɗobiya ko maɗaci a zana a yanko sabo, aikin da ɗalibin aji uku zai iya a darasi biyu. Damina kuma ita ke kawo tsatsa, maganinta tsumma mai ɗan mai bayan kowane aiki, da akwati mai murfi.

Lokacin da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sayo wa makarantun sakandare kayan koyon sana'a masu yawa, ban da waɗanda tsofaffin makarantun sana'a suka gada tun zamanin Turawa. Ba duka suka salwanta ba. Jami'in da aka ba aikin tantance kayan sito, kafin ya sa hannu a takardar gwanjo, zai iya goge madannin wuƙa ya karanta sunan da ke kai, ya duba lambar da aka zuba a jikin ƙarfen, sa'an nan ya haska gefen baki da tocila ya nemi tsaga. In bai gani ba, sai ya aika da filen ɗin wurin malamin aikin katako, tare da sanfefa da kwalbar kananzir.