Kafin a yi wa rijiya ciki

A fadamun Galmi da Birnin Ƙwanni, idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, wasu masu lambun albasa kan sa a shiga rijiya a ƙwaƙule gindinta, a yi mata ciki don ta tara ruwa. Baki na nan yadda yake, ƙasan ya buɗe. Ta haka rijiyoyi da yawa suke ruftawa, don an zare wa bango abin da yake zaune a kai.

Faɗaɗa rami daga ciki aiki ne da injiniyoyi ma suke jin tsoronsa. A Italiya, kusa da Rum, akwai ramin Nazzano da babbar hanyar A1 ta ratsa ta cikinsa. Da motoci suka yi masa yawa, sai aka faɗaɗa shi ba a fasa ƙasar sama ba, ba a kuma tsayar da zirga-zirga ba, aka gama a 2007. Dabarar injiniya Pietro Lunardi ce. An fara kifa rumfar ƙarfe a kan motoci. Daga nan wani babban zarto ya yanka siririyar kafa a inda sabon rufin zai tsaya, aka cika ta da kankare, sai da ya kama sannan aka kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa, aka jera tubalan siminti suka ɗaure. A ci gaba ɗan taƙi kaɗan, a sake. Ba su taɓa barin ƙasa a rataye babu tokari ba.

Mu kuwa sai a ce "ai ƙasar nan tana da ƙarfi". Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Mai rijiya da mai tonon farar ƙasa a wajen Malbaza ko Illela duk su kiyaye. In an kai ga yashi, a saukar da zoben siminti tukuna, a riƙa haƙa daga cikinsa yana nutsewa da nauyinsa. Ƙasar da aka fitar a zubar da ita nesa da baki, kada kuma amalanke ya tsaya a gefe. Wanda ya sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu na riƙe da ita a sama. Injin ban ruwa ya zauna a waje, hayaƙinsa na kashe mutum a cikin rijiya tun bai iya kiran kowa ba. Idan rairayi ya fara zubowa a kafaɗarka, ko ka ga tsaga a bango, bar dagi da kwando, ka ce a jawo ka.