Fentin da ke ɗinke kansa: abin da ya kamata a sani kafin kwangilar gyara ta gaba

Madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, da tankunan burtsatse na garuruwa irin su Ruwan Bago a Rogo, maƙiyinsu ɗaya ne: tsatsa. Da zarar fenti ya tsage, ruwa da iska sukan isa ga ƙarfe, su riƙa cin sa ta ƙarƙashi.

Asarar ba ƙarama ba ce. Rahoton ƙungiyar NACE na 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa na laƙume dala tiriliyan 2.5 a duniya kowace shekara.

Wata mafita ta samo asali ne daga binciken Scott White da Nancy Sottos na Jami'ar Illinois a Amurka a 2001. Akan zuba ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ido ba ya rarrabewa, cikin fenti, kowace ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Idan fentin ya ƙarzu, ƙwayoyin wurin sukan fashe, sinadarin ya malala ya lulluɓe ƙarfen.

Sai dai ƙwayar da ta fashe ba ta sake cika, don haka fasahar jinkirta lalacewa take yi, ba ta maye gurbin kulawa.

Darasin a nan na kuɗin jama'a ne. Duk kwangilar da ta shafi ƙarfe da ruwa, haƙƙin al'umma ne su tambaya: wane irin fenti aka rubuta a takarda, shekara nawa zai yi, kuma wa zai duba?