Kayan da Suka Iso Bayan Kasuwa Ta Watse

Duk ɗan unguwar Bulabulin ya san kasuwar Monday Market da lokaci take tafiya. Da hantsi 'yan dako na tsaye, masu baro na jiran kira, shaguna a buɗe. Mota na isowa da buhuna, kafin direba ya gama shan ruwa an sauke, kowane buhu ya tafi shagon mai shi. Wannan motar dai in ta iso ƙarfe ɗayan dare, ba mai tarbarta, sai dai a jibge kayan a bakin ƙofa.

Haka cikinmu yake da abinci. Allah Ya sanya agogo a jiki, babbansa a ƙwaƙwalwa yana bin hasken rana, ƙanana kuma a hanta da hanji da tsoka, su lokacin cin abinci suke bi. Ƙwayoyin gado ne ke juya shi, irin su CLOCK da PER, kuma gano yadda suke aiki ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Da rana insulin na kwashe suga daga jini da hanzari. Da dare ma'aikatan sun tashi, abin da aka ci sai ya daɗe yana yawo a jini, kitse ya taru a hanta da tumbi.

Maiƙo shi ne kaya mafi nauyi, kuma shi ya fi damuna. A 2005 masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun ga ɓerayen da CLOCK ɗinsu ya lalace suna cin abinci ba kan gado, suna teɓa, suga da kitsen jininsu na hawa. A 2007 aka ga ta ɗaya fuskar: lafiyayyen ɓera ma in an cika shi da maiƙo, agogonsa kan rikice, ya riƙa ci lokacin barci. Wato in motar dare ta yawaita, kasuwar kanta ke mance lokacin buɗewa. Sai a 2012, a Cibiyar Salk, aka ba ɓeraye abincin nan mai maiƙo, adadi ɗaya, amma cikin awa 8 kaɗai na lokacin da suke farke. Ba su yi ƙibar 'yan'uwansu masu ci dare da rana ba.

Mu a nan zafi ke tura mu ga cin dare. A Afrilu rana kan wuce digiri 40, wa ke marmarin tuwo da azahar? Sai bayan isha'i, iska ta fara kaɗawa, a zauna teburin mai shayi: indomi da ƙwai na iyo a mai, tsire da kitsensa, shayi mai kauri da madara da suga, daga nan sai tabarma.

Gado bai zo ɗaya ba. Wani jikinsa na jure wannan shekara da shekaru, wani tun yana ɗan arba'in ake auna masa suga. Wanda ciwon suga ko hawan jini ke gidansu, shi ya kamata ya fara matso da abincin darensa kusa da magariba, ya bar soye-soye sai da safe. Maigadi da ma'aikacin jinya masu kwanan aiki, su ma abu mara nauyi ya fi musu in dare ya tsala.