Baƙo Da Sana'arsa Yake Zuwa

Duk ƙasar da ta buɗe wa baƙo ƙofa, to, ta buɗe wa sana'ar da ke hannunsa. Gwamnatin Nijeriya ta daɗe da lura da haka. Tun a ƙarƙashin dokar shige da fice ta 1963, kamfanin da ke son kawo ma'aikata daga ƙetare sai ya nemi izini, a ƙayyade masa yawansu. Daga cikin sharuɗɗan kuwa har da haɗa baƙon da 'yan ƙasa masu koyon aikinsa, domin ranar da ya tafi su gaje shi.

A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko. A 1979 kuma shugabanninta suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa a cikinsu yana iya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Lokacin kuɗin man fetur na zuba, sai mutanen Ghana suka yi ta kwararowa: malaman makaranta, magina, kafintoci da teloli. Yara da yawa a hannunsu suka koyi lissafi da Turanci.

Da farashin mai ya faɗi, sai labari ya sha bamban. Ran 17 ga Janairu 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Mutanen Ghana kaɗai wajen miliyan ɗaya suka tafi, kowa da iyawarsa. Ita kanta gwamnatin sai da ta ƙara wa masu sana'ar hannu wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu, alamar dai ta san amfaninsu.

Ghana ma ta taɓa yin irin wannan. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi, cikinsu har da Yarabawa da Hausawan zango, kasuwanni da gonakin koko suka ji a jikinsu.

Bahaushen da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ya san zancen nan sarai, domin da yawa sun zo da fataucin goro ko shanu, sun koyi tuƙi ko kanikanci a hannun masu masaukinsu. Tafiya mabuɗin ilimi ce ga baƙo, haka kuma ga wanda ya sauke shi, muddin an sa ido an tabbata ana koyon aikin kafin mai shi ya ɗaura kaya.