Tsohon Mikin da Ke Tsakanin Sin da Japan

Duk ranar 13 ga Disamba, da hantsi, jiniya kan karaɗe birnin Nanjing na ƙasar Sin, motoci su tsaya cak, jama'a su sunkuyar da kai. Duk ranar 6 ga Agusta kuma, da ƙarfe 8:15 na safe, akan kaɗa ƙararrawa a Hiroshima ta Japan, gari ya yi tsit. Yaƙi ɗaya ake tunawa a biranen biyu, sai dai kowa mamatansa yake yi wa kuka. Fiye da shekara 80 da ajiye makamai, maƙwabtan nan suna cinikin ɗaruruwan biliyoyin dala a duk shekara, amma har yau zukata ba su haɗu ba.

Abin ya samo asali tun 1895, lokacin da Japan ta ci Sin da yaƙi ta karɓe tsibirin Taiwan. Ranar 18 ga Satumban 1931, sojojin Japan suka dasa bam a layin dogo kusa da Mukden, suka laƙaba wa Sinawa laifin, suka fake da haka suka mamaye yankin Manchuriya. A Yulin 1937 yaƙi ya ɓarke gadan-gadan, bai ƙare ba sai 1945, bayan ya ci rayukan miliyoyin Sinawa. Sojojin Japan ɗin nan ne kakanninmu suka gwabza da su a dazukan Bama ƙarƙashin tutar Ingila.

Mikin da ya fi zurfi shi ne Nanjing, babban birnin Sin na wancan zamani. Ya faɗa hannun Japan ranar 13 ga Disamban 1937, aka shafe kusan mako shida ana ta'asa. An riƙa kora fursunoni bakin kogin Yangtze ana buɗe musu wuta, an yi wa dubban mata fyaɗe, an cinna wa unguwanni wuta. Wani Bajamushe ma'aikacin kamfanin Siemens, John Rabe, shi da wasu Turawa ƙalilan, suka keɓe wani yanki na tudun mun tsira inda mutane wajen 200,000 suka fake, kuma ya rubuta abin da idonsa ya gani rana-rana. Sin ta ce an kashe mutum 300,000, ta kuma zana adadin a bangon gidan tarihin birnin. Kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ce sun haura 200,000. Wasu masana tarihi na Japan sun tsaya a dubun-dubata, wasu tsirarun masu tsattsauran kishin ƙasa kuma suna musun abin ɗungurungum. Ga kuma Runduna ta 731 a kusa da Harbin, inda likitocin soja suka riƙa gwajin cututtuka a jikin mutane masu rai, daga baya Amurka ta kare shugabanninta daga shari'a don ta samu sakamakon binciken nasu.

Duk da haka, maganar ba ta yi zafi ba a shekarun farko. A 1972, sa'ad da Firaminista Tanaka na Japan da takwaransa na Sin Zhou Enlai suka ƙulla hulɗar jakadanci, Sin ta yafe diyyar yaƙi. Daga 1979 Japan ta zuba mata tallafi da rance na sama da yen tiriliyan 3, aka gina layukan dogo da tashoshin jiragen ruwa. A lokacin Sin na neman jari da abokin tafiya saboda tsoron Tarayyar Sobiyet. Wutar ta fara ruruwa ne a 1982, da aka zargi ma'aikatar ilimi ta Japan da sassauta labarin mamayar a littattafan makaranta. Bayan zanga-zangar Tiananmen ta 1989 kuma, jam'iyyar Kwaminis ta ƙaddamar da shirin cusa kishin ƙasa a makarantu, wulaƙancin da baƙi suka yi wa Sin ya zama ginshiƙin darasi.

Bajapane yakan tambaya: sau nawa za mu ba da haƙuri? Gaskiya ne sun bayar. A 1995 Firaminista Murayama ya fito fili ya ambaci mulkin mallaka da mamaya, ya nuna nadama, ya nemi gafara. Basine kuwa zai nuna maka wurin bauta na Yasukuni a Tokyo, inda ake girmama ruhin mamatan yaƙi kusan miliyan biyu da rabi. A 1978 an shigar da sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 cikinsu, har da Janar Tojo, jagoran Japan a lokacin yaƙin. Sarki Hirohito bai sake taka ƙafa wurin ba har ya rasu, amma Firaminista Koizumi ya je duk shekara daga 2001 zuwa 2006, Firaminista Abe ma ya je a 2013. Wanda aka kashe wa kaka ba zai gamsu da haƙurin baki ba, muddin yana ganin ana rusuna wa wanda ya jagoranci yaƙin.

Ƙarƙashin wannan duka akwai takarar girma, domin zakara biyu ba sa cara a akurki ɗaya. Fiye da ƙarni guda Japan ce ke gaba a Asiya, sai a 2010 tattalin arzikin Sin ya shige nata. A 2005, da Japan ta nemi kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, zanga-zanga ta ɓarke a biranen Sin, Beijing kuma, mai ikon hawa kujerar na-ƙi, ta nuna cewa wanda bai fuskanci tarihinsa ba bai cancanci jagoranci ba. A 2012 gwamnatin Japan ta sayi uku daga tsibiran da take kira Senkaku, Sin ke kira Diaoyu, aka farfasa kantuna da motocin Japan a garuruwan Sin da dama. A Nuwamban 2025 kalaman Firaminista Takaichi kan yiwuwar Japan ta shiga rikicin Taiwan sun sa Sin ta gargaɗi 'yan ƙasarta su guji zuwa Japan.

Waɗanda abin ke ƙarewa a kansu kuwa ba su da hannu a yaƙin. A tarzomar 2012, a birnin Xi'an, Basine aka fasa wa kai don kawai yana tuƙa Toyota. A Satumban 2024, ranar tunawa da Mukden, aka daɓa wa wani yaro Bajapane ɗan shekara 10 wuƙa a hanyarsa ta makaranta a Shenzhen, ya rasu. Wata uku kafin nan, a Suzhou, wata Basiniya mai kula da yara a motar makarantar Japanawa ta tare wani mahari, ta rasa ranta.

Mutane irinta suna nan a kowane ɓangare. Iyalai Sinawa sun raini dubban marayun Japanawa da aka bari a Manchuriya a 1945. Masanin tarihi Ienaga Saburo ya yi shekara 32 yana shari'a da gwamnatinsa ta Japan kan tace littattafai, har kotun ƙoli ta yanke a 1997 cewa tilasta masa cire labarin Runduna ta 731 ya saɓa wa doka.

Hanyar da waɗannan suka bi ita ce mafita. Nauyin farko yana wuyan Japan, don ita ta kai yaƙi gidan maƙwabciyarta: ta koyar da 'ya'yanta abin da ya faru ba tare da ragi ba, shugabanninta su raba ƙafarsu da Yasukuni. Sin kuma ta daina hura wa matasa wutar ƙiyayya duk sa'ad da siyasa ta buƙaci haka. Haƙƙin mamatan Nanjing shi ne a faɗi gaskiyar abin da aka yi musu, kuma jinin yaron da aka haifa kusan shekara 70 bayan yaƙi ba zai taɓa biyan wannan haƙƙi ba.