Jinyar da Ba a Zuwa Dubiyarta

Daga cikin kyawawan ɗabi'un da muka gada kaka da kakanni, da wuya a sami wadda ta fi dubiya sanyaya zuciyar marar lafiya, domin da zarar an ji cewa wane ya kwanta, ko zazzaɓi ne ya kayar da shi ko karaya ya samu a hanya, sai ka ga dangi da maƙwabta da abokan sana'a suna ta sintiri a ƙofar gidansa, wannan da kwanon kunu, wancan da ɗan abin da ya sawwaƙa a aljihu, kowa yana cewa Allah ya sa kaffara ne, har ranar da zai miƙe ya koma harkarsa. To, akwai cutar da wannan alheri bai cika isa gare ta ba, saboda ba ta kwantar da mai ita a farkon al'amari, kuma ba ta da ranar sallama. Mai ciwon sukari yana buɗe shagonsa da safe, yana tsayawa a sahu tare da jama'a, yana halartar ɗaurin aure da jana'iza, alhali tun ranar da likita ya duba takardar gwaji ya gaya masa abin da ke ciki, ya zama majinyaci kuma mai jinyar kansa, ba dare ba rana.

Asalin lamarin ba shi da wuyar fahimta. Duk abincin da ya ƙunshi hatsi ko rogo ko doya ko zaƙi, idan ya narke a ciki sai ya rikiɗe ya zama sukari ya shiga jini, kuma Allah cikin hikimarsa ya halicci wata gaɓa a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, tana fitar da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa shigar da wannan sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki domin ya zama ƙarfi. Idan gaɓar ta daina fitar da insulin, wannan shi ne nau'i na farko na ciwon sukari, wanda ya fi kama yara da matasa, kuma babu makawa sai allura kullum. Idan kuwa tana fitarwa amma bai wadatar ba, ko jiki ya daina amsa masa, wannan shi ne nau'i na biyu, mai damun wajen tara cikin kowane goma na masu cutar. Ko wanne ne, sukari taruwa yake yi a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi, mutum ya yi ta fama da ƙishirwa da yawan fitsari da rama da kasala. Magabata sun san wannan ciwo sarai: likitocin Indiya na da sun lura cewa tururuwa tana taruwa a kan fitsarin mai shi, Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta shi a littafinsa Alƙanun. Amma kafin 1921, shekarar da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da nau'i na farko ya kama bai cika daɗewa a duniya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar sun tashi daga miliyan 108 a 1980 zuwa miliyan 422 a 2014. A Afirka kudu da Sahara kuwa an ƙiyasta miliyan 24 a 2021, fiye da rabinsu ba su ma san suna ɗauke da ita ba.

Ranar mai wannan ciwo da hisabi take farawa. Bayan sallar asuba, kafin ya sa komai a bakinsa, zai ɗauko 'yar na'urarsa, ya soki gefen yatsa, ya matso ɗigon jini a kan ɗan siririn katin gwaji, sa'an nan ya zuba wa allon ido na 'yan daƙiƙu, kuma lambar da ta fito, ko 110 ce ko 240, ita za ta yanke masa hukuncin yadda zai wuni da abin da zai karya kumallo da shi. Abin da ya fi ƙona rai shi ne lambar ba kullum take yin adalci ba, domin mutum yana iya kiyaye bakinsa jiya, ya sha maganinsa a kan kari, amma rashin barci ko ɓacin rai ko ɗan zazzaɓi ya sa ta hau, ya rasa laifin da ya yi. Haka zai wuni kamar mai ɗauke da ƙwaryar da ta cika maƙil da nono, kowane taku sai da lissafi.

Babbar jarrabawar tana bakin akushi. Abincinmu, tun daga koko da ƙosai na safe har zuwa tuwon dare, hatsi ne ginshiƙinsa, shawarar likita kuwa ita ce a rage tuwon a yawaita miya da ganye irin su zogale da rama da alayyafo, a haɗa da wake da kifi. Ko acha da alkama da mutane suka ɗauka magani ne, hatsi ne su ma, wanda ya cika kwano da su zai ga sakamako a na'ura. Faɗin wannan da sauƙi a ɗakin likita, amma a gidan da tukunya ɗaya ce ke ciyar da baki goma sha wani abu, ware wa mutum ɗaya girki nauyi ne a kan uwargida da aljihun maigida. Sa'an nan ga kara da kunya, waɗanda suka sa mayar da abinci ya zama kusan cin fuska. A wurin biki za a dire masa lemon kwalba a ce, "Haba Alhaji, ɗan wannan ai ba ya kashe mutum," ko ƙanwarsa ta miƙo alkaki tana cewa, "Yaya, ko gutsura ka yi, albarkacin amarya." Idan ya ƙi, ya zama mai tsirfa, idan ya karɓa, yana komawa gida wani daga cikin 'ya'yansa zai tare shi da, "Baba, ashe har yanzu kana shan wannan?" Dukkansu ƙauna ce ta sa su, amma dattijon da ya saba a girmama shi ya wayi gari ana ƙirga masa loma.

Sai batun kuɗi, wanda galibi daga aljihun majinyaci yake fita, wata bayan wata, babu ranar kammalawa. Don haka za ka tarar da wanda ke tsallake magani kwana biyu domin ya kai ƙarshen wata, da wanda ba ya gwaji sai ya ji jikinsa ya sauya. Mai allura yana da ƙarin damuwa, domin insulin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana haura 40, wutar lantarki kuwa sai yadda ta ga dama. Dabarar da ta ceci mutane da yawa ita ce ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa domin adana kayan lambu har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A Sudan ma an daɗe ana ajiye insulin a tulun ƙasa.

Amma abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne wanda ke zaune a zuci. Kusan kowane mai ciwon ya san wani da cutar ta makantar, ko ta kai shi ga wankin ƙoda, ko aka yanke masa ƙafa, kuma wannan tunani yakan zo masa cikin dare lokacin da fitsari ya tashe shi karo na uku. Ga kuma zargi, domin har yanzu wasu na ganin ciwon masu kuɗi ne ko sakamakon kwaɗayi, alhali gado da shekaru suna da babban rabo a ciki, yaro ɗan shekara bakwai kuwa bai ci komai ba da ya jawo masa nau'i na farko. Akwai magidancin da cutar ta raunana masa mazakuta, ya kasa gaya wa likita balle iyalinsa, gida ya cika da zato. Akwai budurwar da ke ɓoye allurarta a ƙasan akwati don kada dangin manemi su ji. Binciken likitoci ya tabbatar cewa ciwon damuwa mai tsanani ya kusa ninka biyu a tsakanin masu sukari idan aka gwada da sauran mutane, amma a wurinmu wanda ya ce ya gaji sai a ce masa ya rasa tawakkali. A ganina wannan zalunci ne cikin rigar nasiha, domin gajiya da jinyar shekara ashirin ba ta kore imani, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Wannan gajiya ce kasuwar masu magani da lasifika a tasha, waɗanda ke rantsuwa cewa jiƙon shuwaka ko darbejiya zai tumɓuke cutar cikin mako guda, bisa ƙiyasin cewa ɗaci yana kashe zaƙi. Mutum ya ajiye maganin asibiti, bayan 'yan watanni a kawo shi ranga-ranga.

Watan Ramadan yana zuwa da nasa ciwon rai. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame a sarari cikin Suratul Baƙara, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Sharja a 2009, ta kasa masu sukari gida-gida bisa bayanin likitoci, ta ce waɗanda azumi zai jefa cikin haɗari mai tsanani wajibi ne su sha. Duk da haka, wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 kan azumin 2001 ya nuna cewa kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu, da kashi 43 na masu nau'i na farko, sun azumci aƙalla kwana 15. Wanda ya san zuciyar musulmi ba zai yi mamaki ba, domin mutumin da bai sha azumi ba tun balagarsa, yau a ce ya shiga ɗaki ya ci abinci da rana tsaka jikokinsa suna azumi, hujjar fiƙihu ba ta cire masa jin cewa an bar shi a baya. Wanda likita ya yarje masa yin azumi ya kamata ya je wurinsa tun cikin Sha'aban a daidaita masa magani, ya jinkirta sahur, ya taƙaita dabino da kunu wajen buɗa-baki, ya riƙa gwaji da rana, tun da mafi yawan malaman wannan zamani ba su ɗauki sukar yatsa abin karya azumi ba, kuma ya karya nan take idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, ko da saura kaɗan a kira magariba.

Alwala kuwa wata ni'ima ce da ba a cika lura da ita ba. Cutar takan kashe jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, har mutum ya taka ƙusa ko daɓe mai zafi a harabar masallaci bai ji ba, ɗan rauni ya zama gyambo. Mai wanke ƙafa sau biyar a yini yana da damar duba tafinta da tsakanin yatsu, ya tsane su sosai, ya daina tafiya babu takalmi.

Akwai kuma abin da ya kamata duk mai zama da mai sukari ya sani. Idan ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, sukarin yana iya faɗuwa, sai ka ga gumi yana keto masa, hannu yana rawa, magana tana sarƙewa, ko ya hau faɗa babu dalili, har wasu su zaci iska ce ta taɓa shi su tsaya tofi. Abin yi shi ne a ba shi ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, sa'an nan ya ci abinci. Idan kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.