CIWON ƘAFA GA 'YAN TSAKI

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa malamin asibiti da 'yan tsaki, ai wannan aikin malaman dabbobi ne. Gaskiya ne. Amma a ƙauye kaza ita ce asusun uwar gida. Ita a ke kai wa kasuwa ran da yaro ya kwanta ciwo, ƙwanta kuwa abinci ne mai gina jikin yara. Saboda haka asarar 'yan tsaki ta shafi lafiyar gida.

Kwanan baya wata mata ta kawo ɗanta awo. Da muka gama sai ta buɗe wata ƙwarya, sai ga 'yan tsaki uku kwance, ba mai iya tsayuwa. Ta ce, "Malam, taimake ni da kafso ko guda biyu, ina jin iska ce ta buge su." Na ce, "Uwar gida, ina ki ke ajiye su?" Ta ce ashirin ta saya a kasuwa, ta zuba su cikin babbar roba, ta kai ƙuryar ɗaki don tsoron shirwa. Abincinsu kuwa tsakin masara zalla. Ban ba ta kafso ba, domin ba iska ba ce, ba kuwa ciwon da kafso ya ke warkarwa ba ne. Robar da ɗakin da tsakin su ne suka gurgunta su.

Ku lura, ɗan tsakon da ya ke bin uwarsa a tsakar gida ba safai ya kan gurgunce ba. Yana taka ƙasa mai kama ƙafa, yana shan hantsi, uwar tana tona masa gara da tsutsa, yana tsinkar ɗanyen ganye. Kulle shi don tsoron shirwa da muzuru ba laifi ba ne. Amma duk wanda ya kulle ɗan tsako ya zama uwarsa, lalle ne ya kawo masa ƙasar da ranar da abincin har inda ya ke.

TALEWAR ƘAFA

Wannan ita ce ta kan fara bayyana, tun kwana ɗaya zuwa uku da ƙyanƙyashewa. Za ku ga ƙafafun sun tale, ɗaya dama ɗaya hagu, ɗan tsakon yana jan ƙirji a ƙasa. Idonsa garau, yana kuka, yana son ci, tsayuwa ce kawai ta gagara. Yawanci santsi ne ya ke kawo ta: roba, ko leda, ko takardar jarida, ko daɓen siminti mai sulɓi, ko tasa. Ƙashin sabon ɗan tsako bai yi ƙwari ba, in ƙafa ta yi ta zamewa sai ta saba da haka. 'Yan zabi sun fi 'yan tsaki saurin kamuwa da wannan.

Maganinta dabaibayi ne, irin wanda a ke yi wa jaki. A sami ƙyalle mai taushi, a yanka shi siriri, ko filasta in akwai. A ɗaura wa ƙwaurin ƙafa ɗaya, tsakanin gwiwa da yatsu, sa'an nan a ɗaura wa ɗayar, a bar tsakani misalin inci ɗaya. In ana shakkar awo, a ɗauko ɗan'uwansa mai lafiya a dubi yadda ƙafafunsa su ke tsaye, a kwatanta. Kada a yi da zaren ɗinki ko robar ɗaure kuɗi, domin suna yanka fata, suna tsai da jini. Kada kuma a tamke. Kowace safiya a kwance a duba, domin ɗan tsako yana girma kullum, ɗaurin da ya yi daidai jiya yau ya matse. In ƙafar ta kumbura ko ta yi sanyi, ɗaurin ya yi tsanani.

Da fari zai yi ta faɗuwa. A tsai da shi da hannu sau da yawa a yini, a kai bakinsa ga ruwa da abinci. A ware shi tare da ɗan'uwansa guda don kada sauran su tattake shi, kada kuma kaɗaici ya hana shi ci. Ruwansa a zuba a kasko marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki, domin mai dabaibayi in ya faɗa ruwa ba ya iya fita. Bayan kwana uku ko huɗu a kwance a gani. Da yawa za su tsaya da kansu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: wanda aka yi wa a kwana biyu na fari ya fi samun sauƙi, wanda aka bari ya yi mako biyu da wuya ya miƙe.

Amma dabaibayi aikin banza ne in aka mai da shi cikin robar nan. A shimfiɗa buhun algarara, ko tsohon zane, ko ɓuntun shinkafa, ko busasshen yashi, a riƙa sakewa in ya jiƙe.

ABINCI DA RANA

Wanda ya fara tafiya lafiya, sa'an nan bayan kwana goma ko mako biyu yatsunsa suka lanƙwashe ciki kamar dunƙulen hannu, ya koma tafiya bisa gwiwa yana dogara da fukafukai, wannan yunwa ce, ko da cikinsa a cike ya ke. Ya rasa wani sinadari da likitoci su ke kira bitamin B2. Hatsi ba shi da shi da yawa. Yana cikin nono, da ƙwai, da hanta, da ɗanyen ganye kamar zogale da alayyafo. A dama tsaki da kindirmo kaɗan, a yanka ganye ƙanana a zuba, a murmushe dafaffen ƙwai. A ba su abin da za su cinye nan take, kada ya kwana ya yi tsami. In an yi da wuri, cikin 'yan kwanaki za a ga sauyi. Yatsun kuwa a yi masu takalmi: a yanka kwali daidai tafin ƙafar, a miƙe yatsun bisansa, a manne da filasta kwana biyu ko uku.

Akwai kuma taushin ƙashi. Ɗan tsakon ya kan yi taku biyu uku sai ya durƙushe, gaɓoɓinsa su yi kauri. Ku taɓa bakinsa a hankali, in ya lanƙwasu kamar danƙo, to, shi ne. Ƙashi ba ya ginuwa sai da wasu sinadarai biyu, kalsiyam da fosfaras, jiki kuwa ba ya iya amfani da su sosai sai da bitamin D, wanda hasken rana ya ke sa fata ta yi. Ɗan tsakon da ya ke ƙuryar ɗaki yana cin tsaki zalla ya rasa su duka. A fito da su hantsi kullum a ƙarƙashin kwando mai shara-shara, a rufe gefe ɗaya don inuwa, a mai da su kafin rana ta take. A ƙona ƙasusuwa har su yi fari, a daka su lukui, a sa babban cokali ɗaya cikin mudun tsaki. Dakakken busasshen ƙaramin kifi, da ƙayarsa duka, shi ma ya yi. Gara kuwa, wadda iyayenmu su ke tarawa da tukunya da kashin shanu, har yanzu ba ta da na biyu.

Mai sayen abincin buhu ya lura da wanda ya ke saye. Na kaji masu ƙwai kalsiyam ɗinsa ya ninka abin da ɗan tsako ya ke bukata kamar sau uku ko huɗu, yana lalata masa ƙoda. A nemi na 'yan tsaki.

A nan zan ɗan ratse, domin wannan shi ne aikina. Taushin ƙashin nan yana kama 'ya'yanmu. Shi ya kan kawo gwame da ƙafar baka, da kaurin wuyan hannu, da jinkirin tafiya. A shekarar 1999 likitoci suka buga sakamakon binciken da suka yi a Jos, suka nuna yaran da suka gani da wannan ciwo rashin kalsiyam a abinci ne babban dalilinsa, kuma da aka ba su shi ƙashinsu ya gyaru. Yaron da aka yaye bisa koko da tuwo zalla, ba nono ba kifi, halinsu ɗaya da 'yan tsakin matar nan. In kun ga ƙafar yaro tana lanƙwasa, ku kawo shi asibiti tun da wuri.

Wani lokaci kuma agara ce ta kan goce daga mazauninta, gwiwa ta kumbura, ƙafa ɗaya ta juya waje. Wannan ma daga abinci ne, dusar alkama ko ta shinkafa tana taimakawa wajen tsare sauran. Amma wanda ta riga ta goce masa ba safai ya kan warke ba. In ya kasa kai kansa ga abinci, gara a yanka shi da a bar shi yana wahala.

Kafin duk wannan, ku juya ƙafar ku duba. Sau da yawa zaren buhu ne ko gashin kitso ya naɗe yatsa har ya nutse cikin nama. A yanke shi da sabuwar reza a hankali, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi.

WANDA BA A YI WA MAGANI A GIDA

Duk waɗanda na ambata, idonsu garau ne, suna ci. Amma in kun ga da yawa sun kwanta lokaci guda, manya da ƙanana, sun saki fukafukai, suna zawo kore, suna numfashi da baki buɗe, wuyan wasu ya murɗe, to, wannan annoba ce. Wadda ta fi share akurki, musamman da hunturu, malaman dabbobi suna kiranta Niyukasil. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ana yin maganin rigakafinta a Vom, kusa da Jos, akwai irin wanda a ke ɗigawa a ido, a sake bayan wata uku ko huɗu. Akwai kuma cutar Marek, wadda ta fi kama waɗanda suka wuce mako shida, kaza ta kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Rigakafinta ran ƙyanƙyashewa a ke yi, saboda haka ku tambayi mai sayar maku ko an yi.

Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a watan Fabrairu 2006 a Jihar Kaduna, da ido ba a rarrabe ta da Niyukasil, ita kuwa tana iya kama mutum. Don haka in kaji suka fara mutuwa birjik, ku sanar da malamin dabbobi ko mai unguwa ran nan. Kada a yanka marar lafiya a ci, kada a kai ta kasuwa. Matacciya a ɗauke ta da leda a hannu, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba.

Ko ɗan tsakon da a ke jiyyar ƙafarsa ma, kada ya kwana ɗakin da yara su ke kwana, kada a ba jariri ya yi wasa da shi, domin kashin kaji yana sa yara zawo. Ƙwaryar abincinsa dabam da ta mutane. Wanda ya ɗaura masa dabaibayi ya wanke hannu da sabulu da ruwa kafin ya taɓa abinci ko ya ɗauki goyo.